Na Kawo wa Mijina Kare

Ku da kuka cika min waya da "Allah ya ba ki haƙuri", na gode, amma ku rage. Haƙuri ina da shi har da na rabawa. Yau so nake ku gyara zama, musamman baiwar Allahn nan da ta rubuto min cewa, "Ke kam boko ya juya miki kai, kare a gidan aure?" Ke nake so ki fi kowa buɗe kunne.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: mijina mai haɗa wutar sola ne. Kowa Injiniya yake ce masa, har mahaifiyarsa in tana cikin nishaɗi. Ba mu rufe shekara da aure ba ya zame ya faɗo daga rufin wani gida, kansa ya bugu da gefen dakali. Ya yi makonni bai san wanda ke kansa ba. Da ya farfaɗo, jikinsa ya dawo in ban da ƙafar hagu da yake ɗan ja. Maganar ce ta maƙale. Ya san abin da yake son faɗa, kana gani a idonsa, amma sai kalmar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ga mantuwa: zai sha shayi, ya ajiye kofi, ya tambaye ni ko an dafa. Ga saurin fushi, mutumin da a da ko muryarsa ban taɓa ji ta wuce falo ba.

Ni kuwa malamar lissafi ce a sakandare. Hutun jinyar da aka ba ni ya ƙare, aka ƙara min, ya sake ƙarewa. Shugabar makaranta ta ce in an dawo sabon zango ba ta gan ni a aji ba, za ta nemo wata. Ban ga laifinta ba.

Labarin bai kwana ba ya kai kunnen Yaya, wato yayan mijina. Ina wanke-wanke saƙonsa ya shigo:

"Malama, in kin koma aiki wa zai zauna da shi? Mun yi shawara. Asabar ɗin ƙarshen hutu zan zo in ɗauke shi. Akwai ɗaki a bayan gidana."

Na san ɗakin. Nan suke jibge tsofaffin katifu da janareton da ya mutu. Taga ɗaya gare shi, ita ma da ƙarafuna. Na rubuta masa, "Yaya, in ya buɗe ƙofa ya fita fa?" Ya amsa, "Za a sa kwaɗo ta waje. Don amfaninsa ne."

Kwaɗo. A kulle mutumin da ya saba wuni a saman rufi yana hango gari.

Ban gama hucewa ba sai ga saƙon murya daga Mama, wadda ta haife ni: "Ke 'yar nan, ki bar su su ɗauki abinsu mana. Kin yi iya yinki, duniya ta shaida. Ƙuruciyarki fa? Ɗan ƙawata mai kantin magani har gobe yana tambayar lafiyarki."

Na ce, "Mama, ki ce masa lafiyata ƙalau, mijina ma yana gaishe shi." Ta yi kwana biyu ba ta ɗauki wayata ba.

Taurin kai dai ina da shi, amma taurin kai ba zai zauna da Injiniya daga safe zuwa azahar ba. Ina zaune a bencin asibiti ina jiran ya fito daga wurin mai koya masa magana, na ci karo da wani dogon rubutu a waya. Wata mata ce a wata ƙasa, mijinta ya bugu a ka kamar nawa. Ta ce ba ta ga ya fara dawowa cikin hayyacinsa ba sai da suka ɗauki kare, domin kare yana da lokacin ci da lokacin fita, kuma ba ya yarda a manta da shi. Na karanta na sake karantawa. Daga nan na faɗa karatun kiwon kare kamar mai shirin jarrabawa: allurar rigakafi, wanka, maganin kaska, irin ƙashin da ba a ba shi. Na tambayi mai koya masa magana, ta ce ba alkawari ba ne, amma ba ta ga illa ba. Hukuncin addini ma ban tsallake ba. Na sa kafinta ya buga masa 'yar bukka a bakin ƙofar gida, ba ya taka ɗaki, kwanonsa daban, bokitinsa daban, ga sabulu da buta a gefe.

Wurin mai gadin makarantarmu na karɓo shi. Baƙi ne wuluk, ya ɗan tasa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Injiniya ya daɗe yana kallon sa, bakinsa yana motsi.

"Kare," na ce masa da sauri. "Kare ne."

Ya girgiza kai da haushi. Ya shiga ɗaki ya buɗe jakar aikinsa, ya fito da baƙin salatif ɗin da yake naɗe waya da shi, ya kara a jikin karen. Launi ɗaya. Sunan da ya bi shi ke nan, Salatif.

Umma, mahaifiyarsa, ta zo a satin. Ta turo ƙofa, suka haɗa ido da Salatif. Ta yi salati, ta tattare mayafinta, ta juya. Na bi ta har titi ina "Umma, ki tsaya ki ji," ko waiwaye. Tun ranar, in na kira ta, "Lafiya lau, ya mai jikin?" shi ke nan ta kashe.

To, a nan ne ni mai digiri na tafka shirme. Tun da aka sallamo Injiniya komai ni nake masa. Ni ke ɓalle masa maɓalli, ni ke miƙa masa magani, kafin ya ɗaga hannu na san abin da yake nema. Haka na yi da karen. Ni ke zuba abinci, ni ke wanka, ni ke sharar bukka. Ba a jima ba Salatif ya zama jelata. In na fito shanya yana bayana, in na shiga kicin yana kwance a ƙasan taga. Injiniya kuwa yana kan kujerar roba yana kallon mu. Wata rana ya nuna shi da haɓa.

"Naki... ne."

Ya tashi ya shige ɗaki. Wallahi da mari ya yi min da ya fi min sauƙi.

Na koma kan karatuna, sai ga wurin da na yi ta tsallakewa don ina ganin ƙaramin abu ne. Kare hannun da ke zuba masa abinci yake bi. Kuma in za ka ba shi umarni, sau ɗaya ake faɗa, sai a jira.

Da yamma na ɗauki gwangwanin abincin na dire a gaban Injiniya. "Daga gobe ba ruwana. In ka ba shi ya ci, in ka manta ya wuni da yunwa."

Gari ya waye, ya manta.

Ina tsaye a kicin na ji Salatif ya fara jan kwanonsa a kan siminti. Ƙarar nan har cikin haƙorana. Ya yi kuka, ya yi haushi, ya dawo ya ja kwano. Hannuna ya kai kan gwangwanin ya fi a ƙirga, ina janyewa. Ƙarshe dai na riƙe bakin wurin wanke-wanke da hannu biyu kamar za a ƙwace min shi.

"Malama!" ya kira daga falo. "Wannan... wannan..."

"Ba nawa ba ne."

Kofi ya tashi ya bugi bango. Na ji a raina, amma ban motsa ba. Can sai na ji jan ƙafarsa, ya wuce ta bayana ko kallo na bai yi ba, ya sunkuci gwangwanin.

Ta taga na leƙa. Ya cika kwanon ya ɗaga sama kamar yadda ya ga ina yi, yana so ya ce masa ya zauna. Bakinsa ya buɗe, ya rufe. Jijiyar wuyansa ta tashi. Kalmar tana kan harshena, saura kaɗan in cilla masa ita ta taga kamar yadda na saba. Sai na dubi karen. Yana tsaye, yunwa na cin sa, amma idonsa na kan fuskar Injiniya, jela na kaɗawa a hankali. Bai ƙosa ba, bai kau da kai ba, bai ji masa kunya ba. Jira kawai yake.

"Za... zauna."

Salatif ya zauna daram.

Kada ku tambaye ni ko na yi kuka. Albasa nake yankawa. Amma a tsayen nan na gane abin da na yi wata da watanni ina yi wa bawan Allahn nan. Ni malama ce, na saba in ɗalibi ya yi jim in ƙarasa masa amsa don lokaci na tafiya. Duk kalmar da mijina ya kama hanyar nemowa, sai in riga shi, in ƙwace ta daga bakinsa, ina ganin taimako nake. Kare ya fi ni ladabin sauraro.

Abin da ya biyo baya ba dabarata ba ce, tasa ce, kuma ina so a rubuta masa ita. Washegari na nemi kwalin maganinsa na rasa. Ashe ya ɗauka ya naɗe shi da salatif a jikin murfin gwangwanin abincin karen, naɗi mai kyau, layi a kan layi, irin na mutumin da ya san aikinsa. In Salatif ya ja kwano, zai buɗe gwangwani, in ya buɗe gwangwani, zai ga magani. Tun ranar ban sake ce masa "ka sha?" ba. Sai fita zagaye da hantsi: su bi ta gaban shagon tela, su zagaya bayan makarantar yara, su dawo ta wurin mai faci. Da farko ina bin su a baya, ina laɓewa a jikin motocin mutane kamar ɓarauniya. Rannan ya juyo ya kama ni tsugune a bayan wata mota, ya nuna min hanyar gida da yatsa. Na koma.

Asabar ɗin ta zo. Na tashi na gyara falo, na canza labule, na goge tebur har ina ganin fuskata. Na fito da doguwar rigata ruwan toka mai aiki a wuya, wadda nake sawa ranar taron iyayen yara, na ɗaura ɗankwali na kafa shi sosai. In za a yi min taron dangi, a same ni a shirye. Jawabi kuwa na haddace shi tsaf, har da abin da likita ya ce da abin da na karanta. Na ce wa Injiniya, "Yau ba zagaye, Yaya zai zo." Ya gyaɗa kai.

Na shiga wanka. Na fito, tsakar gida wayam. Ba shi, ba Salatif, ba igiya a jikin ƙusa. Ashe lokacinsu ya yi, karen ya kawo masa igiya, shi kuma maganata ta riga ta bi iska.

Ina cikin saka takalmi na ji tsayuwar mota.

Yaya ya fito yana gyara hula. Umma tana kujerar baya, ta sauke gilashi rabi, ba ta da niyyar sauka. Na je na rusuna na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

"Ina yake?" in ji Yaya.

"Ya fita zagaye."

"Da wa?"

"Da karensa."

Ya cire tabarau ya dube ni. "Malama, ke da hankalinki? Mutumin da bai san ya karya ba, kin sake shi a titi da dabba? Wannan a wane littafin kika karanto?"

"Kullum suna fita, Yaya, kuma kullum suna dawowa."

"To mu gani."

Ya jingina da mota ya harɗe hannu. Na tsaya a bakin ƙofa na harɗe nawa. Idona na kan kwanar mai faci, ta nan suke ɓullowa. Lokacin dawowarsu ya yi, ya wuce. Rana ta fara zafi. Gumi na bin bayana a cikin rigar taron iyayen yara, amma fuskar nan tawa ko gezau. Wayata ta yi ƙara, Mama ce: "Sun zo? Kada ki yi musu gardama." Na kife ta.

"Shiga mota mu nemo shi," Yaya ya ce. "In muka same shi kuma, daga can za mu wuce. Kayansa kya aiko."

Umma ce ta fara hango su, na ga ta miƙa wuya. Ba ta kwanar mai faci suka fito ba, ta can ɗaya ƙarshen layin ne, inda ba su taɓa bi ba. Injiniya na tafe yana jan ƙafa, gwiwar wandonsa duk jar ƙasa, igiya naɗe a hannunsa. Salatif kuwa, da in ni ce da ya fizge ni da gudu, yana tafe a gefen ƙafar hagun, in ya yi gaba kaɗan sai ya tsaya ya waiwayo.

Ƙafafuna suka ce in ruga. Na hana su. Da ƙafarsa ya fita, da ita zai iso.

Ya iso yana haki. Ya gaida Umma da hannu a ƙirji, ya miƙa wa Yaya hannu.

"Ina ka shiga?" Yaya ya tambaya.

"Hanya... sun haƙa. Rami." Ya nuna da hannu yadda ya kauce. "Na bi... wata. Ban... ban gane ba."

"Ka ɓata ke nan."

"Na ɓata." Bai musa ba. Ya dafa kan karen. "Na ce... gida."

"Kin ji ko?" Yaya ya juyo kaina. "Da bakinsa. Ya ɓata, ya faɗi, dubi gwiwarsa. Yau Allah ya tsare, gobe fa kina aji?" Ya buɗe ƙofar gaba. "Shiga mu tafi, ƙanena. Can akwai masu kula da kai."

Injiniya bai motsa ba. Bakinsa ya fara wannan motsin, jijiyar wuya ta tashi.

"Ka gaji ko?" in ji Yaya. "Ruwa kake so? Ka yarda ko? To shiga."

Jawabina ya taso min har wuya. Likita, karatu, kwaɗo, duk suna layi. Na san abin da mijina yake son faɗa, kuma na san zan faɗe shi da kyau fiye da shi sau goma. Na cije leɓena har na ji ɗanɗanon jini. In ni na faɗa, maganar matar ƙani ce mai taurin kai, Yaya zai take ta ya wuce.

Yaya ya juyo kaina. "Ai kin ga ba ya ma iya..."

"Kai." Muryar Umma ce daga cikin mota. "Yi masa shiru."

Muka tsaya, mu uku da kare, muna jiran mutum ɗaya. Wani mai babur ya wuce yana kallon mu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, na dai san ban taɓa ganin jarumta irin ta mutumin nan da ke tsaye a rana, gumi na zuba, yana haƙo kalma ɗaya bayan ɗaya a gaban yayansa ba.

"Na ɓata... na dawo." Ya numfasa. "Shi... yana jira na. Da safe. Ita ma." Ya dube ni, ya mai da ido kan Yaya. "Nan ne gidana. Ba ni zuwa, Yaya."

Ƙarshen ya fito a miƙe, ko gargada babu.

Yaya ya buɗe baki, sai ƙofar baya ta buɗe. Umma ta sauko da ƙafa ɗaya, ta sauko da ɗayar, tana dafe da gwiwa.

"Buɗe min bayan motar nan."

"Umma, akwatin da za a zuba kayansa ne a ciki."

"Wa ya ce maka? Ɗauko."

Ya ɗauko, nauyi ya rinjaye shi har ya yi tangaɗi. Akwatin a cike yake maƙil.

"Kayana ne," ta ce. "Tun jiya na haɗa. Na ce duk inda aka ajiye yaron nan, nan zan zauna, ba mai sa masa kwaɗo ina raye. To ga shi ya faɗi inda zai zauna." Ta juyo ta ƙare min kallo tun daga ɗankwali har takalmi. "Ke kuma sarkin taurin kai, jibi ki koma makarantarki. In ya fita da wannan abin nasa, ina bakin ƙofa har su dawo. Amma ko gefen zanena ya shinshina, ni da ke ne."

"To, Umma," na ce. Iyakar jawabina ke nan na ranar.

Injiniya ya ja Salatif gefe ya ba ta hanya. Ta tattare mayafi ta wuce ta can nesa da bukkar, Yaya na biye da akwati yana huci. Ta shiga falo ta tsaya, ta dubi sabon labule, ta shafa tebur da yatsa ta duba. Sannan ta waiwayo.

"Wanne ne ɗakina?"

Na dubi Injiniya, ya dube ni. Jama'a, ɗaki ɗaya ne a gidan.